Daga Iqaluit Zuwa Igloolik: Rayuwa da Sana'o'in Mutanen Inuit

Ba a shiga yankin Nunavut da mota. Garuruwansa 25 ne, kuma babu titin da ya haɗa ɗaya da ɗaya, balle wanda ya haɗa su da kudancin Kanada. Mai niyyar zuwa sai ya hau jirgin sama daga Otawa, ya yi kamar awa uku yana nausawa arewa. Tun kafin a yi rabin tafiya dajin da ke ƙasa zai fara sirancewa, bishiyoyi su gajarce, can kuma su ƙare ƙaf, a bar duwatsu da tafkuna da farin fili. Wannan rashin itace shi ne mabuɗin duk abin da baƙo zai gani a gaba. Inda babu itace babu makamashi, babu katakon gini, babu noma. Mutanen Inuit sun zauna a nan ɗaruruwan shekaru da abin da dabba da dutse da ƙanƙara suka ba su kawai, kuma kowace sana'a tasu amsa ce ga wata tambaya ta rai ko mutuwa.

Kakanninsu sun taso daga gaɓar Alaska wajen shekara ta 1000, suka bazu gabas da karnuka da jiragen fata har suka kai Girinlan. Sun tarar da wasu mutane a ƙasar, waɗanda labaran baka na Inuit ke kira Tuniit, ana kwatanta su da ƙarfi da kuma gudun baƙo. A yau Inuit suna ƙasashe huɗu: Kanada, Amurka, Girinlan da ƙarshen gabashin Rasha. Nunavut kuwa an yanke ta ne daga Yankunan Arewa maso Yamma a ranar 1 ga Afrilu, 1999. Faɗinta ya kai kimanin murabba'in kilomita miliyan 2, amma ƙidayar 2021 mutum 36,858 ta samu, mafi yawansu Inuit.

Jirgi yana sauka ne a Iqaluit, babban birnin, a kudancin tsibirin Baffin. Gari ne na mutum dubu bakwai da 'yan kai, wanda ya tashi a gefen filin jirgin da sojojin Amurka suka gina a 1942, kuma har 1987 ana kiransa Frobisher Bay. Gidajen a kan ƙafafun ƙarfe suke tsaye, domin ƙasar a daskare take shekara da shekaru, in zafin gida ya taɓa ta sai ta narke ginin ya karkace. Kaya masu nauyi, daga siminti har mota, jirgin ruwa ke kawo su a ɗan lokacin da teku ta buɗe, sauran kuma sai ta sama, shi ya sa farashin kanti kan sa baƙo ya sake duba takardar. Akwai masallaci da aka buɗe a 2016, kuma masu azumi a nan suna da aiki, domin yini mafi tsawo ya haura awa 20, mafi gajarta bai kai biyar ba. A zauren majalisar dokoki sandar girma da hauren narwal aka yi ta, wata dabbar teku mai haure ɗaya dogo murɗaɗɗe, kujeru kuma an yi musu ado da fatar sil, ita ma dabbar teku.

Iqaluit garin ofis ne, amma a nan baƙo zai fara ganin fitilar da ake kira qulliq, domin ba a cika buɗe babban taro ba sai wata dattijuwa ta kunna ta. Dutse ne mai laushi da aka fafe shi kamar rabin wata, marar zurfi. Ana daka kitsen sil har ya saki mai, a zuba a ciki, a jera lagwani na audugar wata ciyawar fadama haɗe da busasshiyar gansakuka a tsawon miƙaƙƙen bakin. Dangin aci-balbal ce, sai dai aikin da ke kanta ya fi haske nisa. Ita ce murhu, a kanta ake rataya tukunyar dutse. Ita ke narkar da ƙanƙara a samu ruwan sha, ita ke ɗumama ɗaki, kuma a saman ta akwai ragar da ake shanya safa da takalman da suka jiƙe. Matar gida tana riƙe da ɗan tsinke tana daddanna lagwanin, harshen wuta ya tsaya daidai a jere, ba hayaƙi. Fitilar da ke hayaƙi abin kunya ce ga mai ita. A da kowace matar aure da fitilarta, ko da iyali biyu ne a ɗaki guda.

Daga Iqaluit tafiyar kamar awa ɗaya ce a ƙaramin jirgi zuwa Pangnirtung, garin da ke zaune a bakin wani dogon mashigin teku tsakanin manyan duwatsu. Iska a nan ba ta wasa, har wasu tsofaffin gidaje da igiyar ƙarfe aka ɗaure su da ƙasa. Gaba kaɗan akwai gandun Auyuittuq, inda masu hawan dutse ke zuwa. Tekun Cumberland da garin ke kallo shi ne inda Inuit na wannan yanki suka fara cuɗanya mai tsawo da Turawa. Masu farautar wel, ƙatuwar dabbar teku, daga Sikotlan sun kafa sansani a tsibirin Kekerten a 1857, suka ɗauki mazan Inuit aikin jirgi, mata kuma suna ɗinka musu tufafi, ana biyansu da bindiga da wuƙa da allurar ƙarfe da taba da shayi. Cututtuka ma ta wannan hanya suka shigo, suka yi ɓarna mai yawa. A wannan yanki masanin al'adu Franz Boas ya yi shekara guda daga 1883 yana rubuta al'adunsu, kuma a nan ɗan mishan Edmund Peck ya kafa tasha a 1894 ya yaɗa rubutun alamomin gaɓa da har yau ake gani a allunan tituna da takardun gwamnati.

Turawan jirgin ba don ado suka nemi ɗinkin matan Inuit ba. Ulun da suka zo da shi in ya jiƙe da gumi daskarewa yake. Tufar hunturu ta Inuit da fatar karibu ake yin ta, wata barewa mai rassan ƙaho, wadda gashinta kowane sili rami ne da shi a ciki mai riƙe iska. Riga biyu ake sawa. Ta ciki gashinta na kallon jiki, ta waje gashinta na kallon waje, wando ma haka. Ba a matse su, ana barin iska ta zaga, in mutum ya yi zafi sai ya ture hular baya tururin jiki ya fice ta wuya. Bakin hular ana kewaye shi da gashin kerkeci ko kare ko wata dabba da raɓar numfashi ba ta cika manne wa gashinta ba. Fatar da ta dace ita ce ta ƙarshen bazara zuwa farkon kaka, lokacin da sabon gashi ya fito bai yi kauri ba, don haka farautar wannan lokaci ta tufa ce kafin ta zama ta nama.

Babu jima irin ta majema, babu bagaruwa babu rini. Fata ana shanya ta, a kankare ta, a jiƙa, a ja, a sake kankarewa har ta yi laushi ta yi fari. Kayan aikin mace shi ne ulu, wuƙa mai bakin rabin da'ira da mariƙi a sama, wadda ake murzawa da wuyan hannu. Da ita ake feɗe sil, da ita ake yanka fata, da ita ake yanke loma a bakin leɓe. A da da dutse ake yin bakinta, yau sau da yawa daga tsohon zarto ake yanko shi. Zaren kuwa jijiyar bayan karibu ce, a busar a tsattsaga. Mai ɗinki ba ta da awo ba ta da takarda. Kallon mutum take yi, ta auna da tafin hannu da yatsu, ta yanka.

Inda gwanintar ta fi fitowa shi ne takalmi, kamik. Tafin daga fatar ugjuk ake yin sa, babban sil mai kaurin fata, saman kuma daga ƙaramin sil. Fatar tafin tauri gare ta, sai an tauna gefenta da haƙori ta yi laushi kafin a tattare ta ta zagaye yatsu da diddige, kuma tsofaffin mata da yawa haƙoransu sun cinye saboda wannan. Ɗinkin layi biyu ne. A layin farko allura tana huda fata ɗaya ta shiga rabin kaurin ɗayar ba tare da ta fita ba, a na biyu a juya a yi akasin haka. Ta haka babu rami ko ɗaya da ya ratsa daga waje zuwa ciki. In ruwa ya taɓa jijiyar sai ta kumbura ta toshe inda allura ta bi. Mafarauci da ƙafarsa ta jiƙe a nesa da gida cikin tsananin sanyi yana iya rasa yatsu ko ransa, saboda haka mashin miji bai fi allurar matarsa muhimmanci ba, kuma mai doguwar tafiya ba ya rabuwa da mai ɗinki. Wanda ya ɗauki ɗinki a matsayin ƙaramin aikin cikin gida bai fahimci wannan ƙasa ba.

Rigar mata, amauti, har yau ita ce abin goyo a kowane gari, ko da yake yawanci da yadi ake ɗinka ta yanzu. Baƙo kan ɗauka jaririn a cikin hula yake. A'a, wani aljihu ne a bayan rigar, ƙasan hular, inda yaron ke manne da bayan uwarsa har ya kai shekara biyu ko fiye. An yi kafaɗun da faɗi don uwa ta iya zagayo da shi gaba ya sha nono ba tare da iska ta taɓa shi ba, hular kuma babba ce ta rufe su duka biyu.

Pangnirtung ta ƙara wata sana'a da ba ta gada ba. A 1970 aka buɗe masaƙa a garin, matan da suka saba da fata suka koyi saƙar ulu, kuma yanzu a cibiyar Uqqurmiut suna saƙa manyan hotunan bango daga zanen 'yan garin. Akwai kuma hular kwarashi mai ƙulli da tuntu da ake gane ta ko'ina a Nunavut da sunan garin. Maza kuwa da hunturu suna huda ƙanƙarar teku su saka dogon layin ƙugiyoyi su kamo kifin ƙasan ruwa, wanda wata masana'anta a garin ke saye.

Zuwa Kinngait sai an koma Iqaluit an sake jirgi, an yi yamma. A tsofaffin taswirori sunansa Cape Dorset, kuma daga nan masana suka ɗauko sunan da suke kiran al'adar Tuniit, bayan da Diamond Jenness ya nazarci kayan da aka tono a wurin a 1925. In teku ta janye ana iya takawa zuwa tsibirin Mallikjuaq a ga kufan gidajen kakannin Inuit, ramuka ne da aka jera wa duwatsu, waɗanda a da haƙarƙarin wel ke riƙe rufinsu. Amma abin da kunne zai fara ji a garin shi ne kukan giranda. A gefen gidaje, cikin sanyi, maza na zaune kan akwati, ƙura ta yi musu fari fat, suna sassaƙar dutse. A waje ake yi saboda ƙurar. Dutsen kore ne mai duhu, daga wata mahaƙa mai nisa ake ɗauko shi da jirgin ruwa da bazara. Gatari ke fara fitar da siffa, sai giranda, sai magagari, sai sanfefa cikin ruwa daga mai kaushi zuwa mai laushi, a ƙarshe a shafa kakin da zai fito da launin. Abin da aka fi nema shi ne farin beyar mai rawa, a tsaye kan ƙafa ɗaya, kuma gwanintar ita ce dutse mai nauyi ya tsaya a kan wannan ƙafar ba tare da an tokare shi ba.

Sassaƙa tsohuwa ce a wurin Inuit, amma ƙanana ake yi, da haure ko ƙashi: kan mashi, maɓalli, abin wasan yara, laya. Mai ƙaura ba ya ɗaukar dutse don ado. Manyan gumakan sayarwa sun fara ne bayan wani mai zane ɗan Kanada, James Houston, ya je garin Inukjuak a 1948 ya dawo da 'yan sassaƙe-sassaƙe, ya sake komawa ya kawo wasu da yawa, aka baje su a Montreal a 1949 aka sayar nan da nan. Lokacin ya zo daidai da faɗuwar kasuwar fatar yanyawa, wadda ita ce abin da Inuit ke kai wa kantin kamfanin Hudson's Bay. Dutse ya maye gurbin tarko.

Buga hoto kuma a 1957 ya soma a Kinngait. Kamar yadda Houston ya ba da labari, masassaƙi Osuitok Ipeelee ya dubi kwalayen sigari ya ce lallai mai zana kan matuƙin jirgin nan iri ɗaya a kowane kwali yana shan wahala. Houston ya ɗauki wani haure da Osuitok ya yi wa zane, ya shafa masa tawada, ya danna takarda a kai, hoton ya fito. A 1958 Houston ya je Japan ya koyi aikin wajen Un'ichi Hiratsuka, a 1959 aka kafa ƙungiyar gama-kai ta garin aka fitar da tarin hotuna na farko, kuma tun daga nan kowace shekara ake fitarwa. Hanyar da suka ƙware a kai ita ce a daidaita fuskar faifan dutse, a kwafi zanen a kai, a sare duk inda ba a so, a mulka tawada, a shimfiɗa siririyar takarda a murza. Yawanci kwafi 50 ake bugawa. Mai zane daban, mai sarar dutse daban, kuma takardar na ɗauke da sunan kowannensu.

Kenojuak Ashevak, wadda aka haifa a 1927 a gidan ƙanƙara ta rasu a 2013, ta zo wannan aiki ne daga ɗinki. Irin siffofin da take yankawa a fatar sil tana liƙa wa jaka su ta mayar kan takarda. Mujiyarta ta 1960, mai fuka-fukai a baje, ta hau kan sarkin Kanada a 1970. Jikokin wannan zamani sun bi wata hanya: Annie Pootoogook, wadda ta ci kyautar Sobey a 2006, da fensir mai launi ta riƙa zana iyali suna cin ɗanyen nama a ƙasan kicin ga talabijin a kunne. Masu saye a kudu sun daɗe suna son a zana musu rayuwar da ta wuce, ita kuwa ta zana wadda take gani, kuma nata ya fi gaskiya.

Igloolik ta fi nisa, kamar awa biyu arewa maso yamma da Iqaluit, ɗan tsibiri shimfiɗaɗɗe na tsakuwa a tekun Foxe, can cikin da'irar Aktik. Rana tana faɗuwa a ƙarshen Nuwamba ba ta sake leƙowa sai tsakiyar Janairu. A al'ada ranar da ta fito yara kan bi gida-gida su hure fitilu, a cire tsohon lagwani a sa sabo, a kunna duka daga wuta guda, kuma garin ya farfaɗo da wannan biki. Ruwan yankin yana da walras, ƙatuwar dabba mai haure biyu, don haka mutanen nan sun fi maƙwabtansu wadatar nama da abincin karnuka. Ana naɗe naman walras da kitsensa cikin fatarsa, a ɗinke, a binne a tsakuwa watanni har ya nuna. Sunansa igunaq, warinsa kan kori baƙo, ɗan gari kuwa ba ya haɗa shi da komai. Ɗan garin ne Zacharias Kunuk, wanda fim ɗinsa Atanarjuat, da aka yi shi duka da harshen Inuktitut, ya ci kyauta a bikin Cannes a 2001. Tufafi da kayan aikin da ke cikin fim ɗin mutanen garin ne suka yi su da hannu bisa jagorancin dattawa.

Daga nan ne ake fita kan teku. Abin hawa qamutiik ne, amalanken ƙanƙara mai dogayen katako biyu da aka gicciya wa faifai. Ba a sa masa ƙusa. Da igiya ake ɗaure kowane gicciye, domin in ya hau tudun ƙanƙara ya lanƙwasa ya dawo, mai ƙusa kuwa tsagewa zai yi. Da can da katako ya yi wuya, sai wanda teku ta kawo, akan yi shi da ƙashin wel, in ta ƙure har da daskararren kifi a naɗe cikin fata. Ƙasan katakon ana shafe shi da laka, ta daskare, a goge, sai mutum ya guntsi ruwa ya fesa a kan guntun fatar beyar ya shafa, ya zama santsin ƙanƙara. Karnuka a wannan yanki kowanne da igiyarsa, su bazu a gaba, don in ɗaya ya faɗa ruwa kada ya ja saura. Yau babur ɗin ƙanƙara ke jan yawancin amalanken, amma ɗaurin igiyar bai canza ba.

Sil dabba ce mai numfashi da huhu, don haka in teku ta daskare sai ya riƙa buɗe ramukan shan iska da faratansa. Dusar ƙanƙara na rufe ramin, ba a ganinsa sai kare ya sansano. Mafarauci zai ɗan huda saman, ya zura siririn ƙashi ya gane inda ramin ya karkata, ya kafa gashin tsuntsu ko ɗan tsinke da zai motsa in dabbar ta taso. Sai ya taka guntun fata don kada motsin ƙafarsa ya ratsa ƙasa, ya sunkuya da mashi a hannu, ya jira. Sil guda yana da ramuka da yawa, jiran na iya kai awowi, shi ya sa maza kan fita tare kowa ya tsare rami ɗaya. Kan mashin ba a manne yake ba. In ya shiga jiki sai ya saɓule daga sandar ya juya a gicciye ƙarƙashin fata, igiyar na hannun mafarauci. A da akan ɗiga wa sil ɗin da aka kashe ruwan daɗi a baki, bisa imanin cewa dabbar da aka girmama za ta sake ba da kanta. Hanta a nan take ake ci da ɗuminta. Sauran naman rabo ne, kuma a wasu yankuna kowane mafarauci yana da abokan rabo da kowannensu ya san gaɓar da ke tasa. Yau sanarwa ake yi a rediyon gari ko a Facebook cewa gidan wane an samu nama, mai so ya zo da roba. Cin nama ɗanye da fatar wel shi ya ba su sinadarin bitamin C a ƙasar da babu lemo, shi ya sa cutar rashinsa da ta kashe Turawan jirgi da yawa ba ta dame su ba.

Gidan ƙanƙara mazaunin hunturu ne a kan teku, ba na duk shekara ba, kuma Inuit na Alaska da Girinlan da yawa ba su zauna a cikinsa ba. Da bazara tantin fata ake kafawa, da kaka kuma ɗakin dutse da ƙasa. Ginin yana farawa da neman dusar da iska ta daddale a zubi ɗaya, ana soka sanda a ji taurinta. Da doguwar wuƙa ake yanko tubala, a jera zagaye na farko, sai a fiƙe shi ya zama gangare, ta yadda sauran za su hau suna murɗawa sama, kowane tubali ya jingina da na ƙasa da na gefensa yana karkata ciki. Magini a ciki yake tsaye, na waje na miƙa masa yana toshe kafofi. Tubalin ƙarshe daga ciki ake daidaita shi. Ƙofar a ƙasa take, ta rami, gadon kwana kuma a sama, domin iska mai ɗumi hawa take yi mai sanyi ta kwanta. Gwanaye biyu na iya gama na kwana ɗaya cikin kamar awa guda, kuma mafarautan da guguwa ta rutsa har yau da shi suke tsira.

Wannan zaman sansani ya ƙare ne tsakanin shekarun 1950 da 1960, kuma ba da daɗin rai ba. Gwamnati ta tattara mutane a garuruwa, ta kai yara makarantun kwana, ta kwashi masu tarin fuka zuwa asibitocin kudu inda wasu ba su dawo ba. Tun 1941 aka rataya wa kowa faifai mai lamba a madadin suna. A 1953 da 1955 an ɗebi iyalai daga Inukjuak aka kai su Resolute da Grise Fiord, can ƙuryar arewa, abin da gwamnati ta nemi gafara a kai a 2010. An kashe karnuka masu yawa a garuruwan Baffin, mai kare kuwa in ya rasa su ya rasa hanyar farauta, kuma wannan ma an nemi gafara a 2019. Sai kuma kasuwar fata. Takunkumin da Turai ta sa wa fatar sil a 1983, da wanda Tarayyar Turai ta ƙara a 2009, sun ware farautar Inuit a rubuce, amma farashin fatar sil ya rushe duk da haka, domin mai saye ba ya bambancewa. Alethea Arnaquq-Baril ta yi fim a kan wannan a 2016. Kuɗin fata da shi ake sayen fetur da harsashi, don haka takunkumin ya taɓa tukunya kai tsaye.

Abubuwan da suka rage sun rage ne domin kanti bai kawo wanda ya fi su ba. Jirgin fata na mutum ɗaya, qajaq, ya ba wa kwalekwale mai inji wuri, bindiga ta karɓi yawancin aikin mashi, amma mai tafiyar kwanaki a tsakiyar hunturu har yanzu rigar karibu yake nema, kuma ulu na kowane kicin. Ƙanƙarar teku tana makarar daskarewa tana saurin narkewa, abin da ya sa dattawa ke cewa alamun da suka gada ba su cika faɗa musu gaskiya kamar da ba. Tun 1999 ake tseren karnuka na Nunavut Quest tsakanin garuruwan arewacin Baffin, da sharaɗin amalanke da ɗaurin gargajiya. A Clyde River kuma an buɗe makarantar Piqqusilirivvik a 2011, mai rassa a Igloolik da Baker Lake, inda dattawa ke koyar da matasa gyaran fata, ɗinkin kamik, ƙera mashi da karanta ƙanƙara, da harshen Inuktitut, yawancin darussan a waje.